Kayan Sautin Zamanin Udoji: Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Duk wanda ya tashi a Samaru daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980 ya san abubuwa ukun da ake gane ma'aikacin da ya kama ƙasa da su: mota a ƙofar gida, firji a lungun ɗaki, sai kayan sauti a falo. Biyun farko ba a yin gardama a kansu, domin mota tana kai mutum wurin aiki, firji kuma yana fitar da mai gida kunya da azumi. Na ukun ne ake ta cece-kuce a kai. Dattawa suna cewa almubazzaranci ne a zuba albashin watanni a akwatin da ba abin da yake yi sai ƙara. Masu kayan kuwa su ce wanda bai zauna ya ji ba, ba shi da bakin magana. Ga shi an yi wajen shekara hamsin, kayan sun canza, kuɗin ya canza, amma gardamar tana nan inda aka bar ta.

Tushen abin kuɗin Udoji ne. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa a kan aikin gwamnati, aka ƙara albashi, da shigowar 1975 kuma aka biya ma'aikata ariyas na watanni a dunƙule. Man fetur yana daraja a kasuwar duniya, naira sabuwa ce fil tunda a Janairun 1973 aka fito da ita, kuma ta fi dala ƙarfi. Samaru kuwa gari ne na 'yan albashi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda tushenta ya koma 1922, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a kan hanyar shiga gari. Da kuɗin ya sauka, wasu suka ƙara aure, wasu suka biya kujerar Makka, wasu suka sayi babur. Wasu kuma suka tari mota a bakin titin Sakkwato, suka bi ta Palladan da Kwangila, sai Sabon Gari.

Ta hanya uku manyan kayan sauti suke shigowa garin. Ta farko kantunan Sabon Gari, inda ake jera Sansui da Akai da Pioneer da Kenwood da Technics, duk ƙirar Japan. Wanda bai sami abin da ransa yake so a nan ba, sai ya wuce Kaduna ko Kano wurin su Kingsway da Leventis. Ta biyu malaman jami'a da suka tafi ƙaro karatu Ingila da Amurka, su dawo da digiri, bayan wata biyu ko uku akwatunan katako su biyo su ta jirgin ruwa. Ta uku baƙin malamai, Turawa da Indiyawa da sauransu, waɗanda in kwantiraginsu ya ƙare sai su manna takarda a allon sanarwa, a je gidajensu a Area A ko Area BZ a yi ciniki. Alhazai ma suna dawowa da rikoda daga Jidda, amma wannan ajinta daban. Ita ake saɓawa a kafaɗa a tafi majalisa.

Kayan Amurka suna da nasu tarkon. Wutar can ba ta wuce volt 120 ba, tamu kuwa ta ninka haka. Wanda ɗoki ya ɗebe shi ya jona ba tare da 'yar taransifomar rage wuta ba, hayaƙi kawai zai gani. Ko an tsallake wannan, akwai wata: wutar Amurka sau 60 take kai-kawo a daƙiƙa, tamu sau 50, saboda haka wasu garmahon lantarkin da aka ƙera don can, in an kawo su nan sai su riƙa nawa, ka ji mawaƙi yana jan murya ba gaira ba dalili. Masu gyara na Sabon Gari sun ci abinci sosai da wannan matsala.

A gidan kawuna na tashi, Allah ya ji ƙansa, can bayan kasuwar Samaru. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne, ba wani babba ba, don haka bai haɗa kayansa a rana ɗaya ba. Amfilifayar Sansui ya fara saya da kuɗin Udoji. Bayan ya kwashi adashi ya ƙaro garmahon lantarki na Technics. Lasifikoki biyu na Pioneer, kowace ta kai ƙugun babban mutum, a hannun wani Bature mai komawa gida ya same su. Dek ɗin kaset na Akai shi ne autansu. Ranar da aka sauke lasifikokin daga bayan a-kori-kura, matarsa, wadda muke kira Inna, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da muciya.

"Malam, yanzu waɗannan ne suka cinye kuɗin kwanon ɗakin baya?"

"Ki bari ki ji tukuna."

"Ai ina ji. Rediyon Baba ma magana yake yi, kuma batir huɗu ne abincinsa."

Duk da haka ita ce ta zauna ta saƙa wa kayan mayafi da farin zare, ita ce kuma take korar mu in mun matsa kusa da su da hannun miya.

Asabar da hantsi ne lokacin Kawu. Zai yaye mayafin ya ninke, ya zaro faifai daga jakarsa, ya riƙe shi gefe da gefe da tafin hannu don kada yatsa ya taɓa fuskarsa, ya kai shi saitin taga ya duba, sannan ya share shi da wani ɗan ƙyallen karammiski, yana bin yadda layukan suka zagaya. Zai kunna amfilifaya ya dakata har ya ji ta ce ƙyas a ciki, fitilar fuskarta ta kama. Sai ya sunkuya, ya sauke allura a bakin faifan a hankali, numfashinsa a riƙe. Akwai wani ɗan ƙaras-ƙaras da ake ji kafin kiɗa ya shigo, wanda a cikinsa ko tari ba ma yi. Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne bai taɓa murɗa ƙarar ta kai rabi ba. In aka ce ya ƙara, sai ya ce shi daɗi ya saya, masu son amo su je gidan biki.

A wannan falon na fara sanin abin da ke cikin waƙoƙin da na ɗauka na sani. Alhaji Mamman Shata mun saba jin sa a Rediyon Kaduna ta ƙaramin rediyo, inda murya da amshi da kiɗa duk suke fitowa a cukurkuɗe ta ƙofa ɗaya. A kayan Kawu sai ga kowa a mazauninsa. Ana jin makaɗi ya matse igiyoyin kalangu a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, ga wani yana karɓa masa, ga 'yan amshi a baya ana iya rarrabe muryoyinsu. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce tak, amma sai ka ji har saukar yatsa a kanta. Ranar Juma'a da safe ba a sa waƙa a gidan. Kaset ɗin Shaihi Abdulbasit ko na Minshawi ake sawa, ka ji inda mai karatu ya ja numfashi kafin ya ɗauko doguwar aya. A nan ne Inna ta sauko. Daga madafa za ta ɗaga murya ta ce, "Malam, a ɗan ƙara mana, ba ma ji sosai."

Samaru gari ne da ya tara kowa, falon Kawu ma haka. Maƙwabcinmu Bayarabe zai zo da faifan Ebenezer Obey ko Sunny Ade a hammata. Wani ɗan Ibo da suke aiki tare zai kawo Osadebe, da faifan Sweet Mother na Prince Nico Mbarga, wanda ya fito a 1976 ya cika ƙasar nan. 'Yan Binuwai ba sa zuwa ba tare da Bongos Ikwue ba, suna alfahari da cewa shi ma a nan jami'ar ya yi karatu. Ga Jim Reeves da Don Williams, ga Bob Marley, ga Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi don matan gida. Dokokin zaman biyu ne: in an ɗora faifai a yi shiru har fuska ɗaya ta ƙare, wajen minti ashirin ke nan, in kuma aka kira salla a ɗaga allura. Mutum ɗaya ya biya kuɗin kayan, amma layin gaba ɗaya ya mora.

Sabon Gari ita ce uwar wannan harka. Tun daga nesa za ka ji shagunan faifai, kowane ya fito da lasifika bakin ƙofa yana neman danne na kusa da shi. A nan ake ɗaukar waƙa daga faifai zuwa kaset. Ka rubuta sunayen waƙoƙin da kake so a takarda, ka sayi sabon TDK ko Maxell, ka dawo washegari. Masana suna sayen C60 ko C90, suna gudun C120 domin zarensa siriri ne, dek yana yawan taune shi. In ya taune, sai a zaro a hankali, a zura biro a ramin kaset a naɗe.

Akwai wani mai gyara a wani lungu kusa da kasuwa, Bayarabe ne haifaffen Zariya, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Oga kawai muke ce masa. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare, amfilifayar Kawu ta yi shiru ta ɓangare ɗaya, muka naɗe ta a bargo muka kai masa. Shagon bai fi taku uku ba, an jibge matattun rediyoyi har rufi, ƙaurin dalma ya cika ko'ina. Ya kwance sukurori, ya ɗaga murfin, ya busa ƙura, ya tsaya yana kallon cikin yana gyaɗa kai.

"Malam, wannan kayan mutane ne. Duba, komai a fili. Kowane ɗan abu da lambarsa a jiki."

"To, Oga, za ta tashi?"

"In ba ta tashi ba, kada ka ba ni ko kwabo."

Ya taɓa nan da can da tsinken mitarsa, ya zare transisto biyu da fis ɗaya, ya buɗe wani gwangwanin madara cike da irinsu ya zaɓo, ya liƙa. Kafin la'asar tana waƙa. Wannan yana cikin abin da tsadar kayan wancan zamani take saye: an ƙera su ne don a buɗe, a gyara, a ci gaba da amfani.

Sai dai a faɗi gaskiya, akwai abubuwan da kuɗin bai iya saye ba. Kayan sauti ba sa ƙirƙiro abin da babu shi a cikin faifai. Da yawa daga waƙoƙin makaɗanmu an ɗauke su ne da makirfo ɗaya, wasu a filin biki, sannan aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset har suka dusashe. In ka sa irin wannan a kayan Kawu, shuuu ɗin da ƙaramar rikoda take ɓoyewa sai ya fito fili, har ka gwammace rikodar. Ga ƙurar hunturu da take shiga layukan faifai tana cin allura. Ga zafin bazara, wanda in aka manta faifai a bayan mota zai lanƙwashe, shi ke nan ya tashi aiki. Ga wutar da ba ta da tabbas, dole sai da sitabilaiza. Ga kuma ɗakin kansa: daɓen siminti tsirara, bango tsirara, rufin kwano ba silin, sauti ya yi ta dukan bango yana dawowa. Wanda ya zuba manyan lasifikoki a irin wannan ɗaki, ya sayi ingarman doki ne ya ɗaure a zauren da ba zai iya juyawa ba. Kawu ya gane haka, shi ya sa ya shimfiɗa darduma mai kauri, ya rataya labule, ya janye lasifikokin daga jikin bango. Abin da wannan ya ƙara wa sautin ya fi abin da dek ɗin Akai ya ƙara, a kuɗin da bai kai rabin rabinsa ba.

Akwai kuma masu saye don a ce. Za ka shiga falo ka tarar an jera na'urori hawa shida, fitilu suna ta walƙiya, an tura duk maɓallan ikwalaiza sama, ƙara har gilashin taga yana rawa, mai gidan kuma faifansa uku ne duniya. A ɗakunan kwanan ɗalibai, irin su Suleiman da Ribadu, gasar ƙara ake yi da kuɗin alawus. Waɗannan su ne suka ba dattawa hujja, kuma dattawan ba su yi ƙarya ba.

Abin da ya kashe gardamar na ɗan lokaci shi ne 1986. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, a Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Dalar da a 1980 ba ta kai kwabo 60 ba, zuwa 1987 ta kai wajen naira 4, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Baƙin malamai suka yi ta tafiya, namu ma da yawa suka bi su. Sabbin kayan Japan suka ɓace daga kantuna, na gwanjo suka maye gurbinsu. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ya iso mana a makare, bai daɗe ba bidiyo da finafinan Hausa suka karɓe falo. Kujerun da a da suke fuskantar lasifika aka juya su suka fuskanci talabijin. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

Yau in ka shiga kasuwar Sabon Gari, abin da ake kira hom tiyata ne ya cika shaguna, yana cikin kayan ɗakin kowace amarya. A jikin kwalin za ka ga an rubuta wat dubu kaza da manyan baƙaƙe, gefensa an sa PMPO. Wannan awo ne na talla, ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita. Awon gaskiya shi ne wanda ake rubuta RMS, kuma tsofaffin amfilifayoyin nan masu wat 30 ko 40 na gaskiya sun ishi kowane falo a Samaru. Masana sauti sun tabbatar cewa in ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ɗan ƙari kaɗan kunne yake ji. Sai ka ninka wajen sau goma kafin ya ji kamar ƙarar ta ninka. Galibin waɗannan sababbin kuma in sun mutu sun mutu, mai gyara zai ce maka a canza allon ciki gaba ɗaya, kuɗinsa ya kusa na sabo. Araha dai ba ta ado.

A ɗaya gefen kuma, tsada a ƙasashen waje ta wuce hankali. Kamfanin Wilson Audio na Amurka ya fitar da lasifikokin da aka sa wa kuɗi sama da dala 600,000. A lissafa da canjin 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, a ga gida nawa za a gina. Har wayar da ke haɗa amfilifaya da lasifika akwai ta dubban daloli. A 2007 James Randi, wani mai wasan rufa-ido da ya yi suna wajen tona asirin masu da'awar banza, ya sa ladan dala miliyan 1 ga wanda zai iya bambance sautin wata waya ta dala 7,250 da wadda ba ta kai ta tsada ba, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. Ba a kai ga yin gwajin ba, ba kuma wanda ya ci kuɗin. Kunnen ɗan Adam yana da iyaka: mafi kaifinsa, na yaro, yana tsayawa ne a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, yana kuma raguwa da shekaru. Sau da yawa kafin mutum ya tara kuɗin irin waɗannan kaya, kunnen da zai ji bambancin ya riga ya tafi.

Amma su ma a ƙasashen wajen sun gane cewa tsohon abu yana da nasa. A 2022 yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Technics sun dakatar da shahararren garmahonsu SL-1200 a 2010, masu nema suka matsa, suka dawo da shi a 2016. Abin da muka jibge a sito muna kira tarkace, wasu suna bin sa da kuɗi.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A wurin Kawu ta biya, har da riba. Ya zuba albashin watanni, ya mori kayan wajen shekara ashirin, maƙwabta suka mora, mu yaran gida muka tashi da kunnen da ya san kalangu daga kotso. Amfilifayar tana hannun babban ɗansa har yanzu, tana aiki, a gidan da aka binne hom tiyata fiye da ɗaya. Ta biya ne domin abubuwa huɗu sun haɗu: kayan masu gyaruwa ne, akwai faifai masu kyau da za a sa musu, an gyara ɗakin, sannan mai su yana da lokacin zama ya saurara. In ɗaya ya faɗi a cikin huɗun nan, kuɗin ya tafi a banza, ko nawa ne. Daga rikodar kafaɗa zuwa kaya irin na Kawu akwai tazarar da kowane kunne zai ji. Daga irin na Kawu zuwa na miliyoyi kuwa, abin da ake ƙarawa kaɗan ne, sauran kuɗin na suna ne.

Shawarata ga mai sha'awa ita ce kada ya ci bashi, kada kuma ya taɓa kuɗin makarantar yara. Ya sa mafi yawan kuɗinsa a lasifika, domin ita ce ta fi canza sauti. Ya nemi tsohuwar amfilifayar Japan mai lafiya, ya kai wa mai gyara ya duba kafin ya biya, ya haɗa da sitabilaiza. Ya tafi shago da waƙar da ya sani sarai, ya rufe ido ya saurara, kada ya bari kwali ya yi masa ciniki. Ku kuma da iyayenku suka bar muku faifai da kasakasai a sito, don Allah kada ku sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Akwai waƙoƙin makaɗanmu da wa'azin malamanmu da ba su rage a ko'ina ba sai a cikinsu. Ku fito da su, ku kakkaɓe, a juye su a kwamfuta, ko ku kai wa masu nazarin harshe da waƙa a jami'ar da ke bakin ƙofarku, tun kafin gara da zafi su gama da su.